Mita Ɗari Huɗu

Shekara talatin da ɗaya a inuwar dalbejiyar Tashan Dukku
ina farke cikin giyabos kamar mahauci da tumbi.
Direban Yola, direban Potiskum, roƙonsu guda ne:
Manu, ɗaura mini wadda za ta kai ni gida lafiya.

Sai ga Gidado na Tumfure, an jawo masa tsohuwar Golf.
Ya cire kujerun baya, ya cire kafet, har rediyo,
ya bar ta fayau kamar gwangwanin madara.
Ya ce, Baba, ba Kumo za ni ba, ba Bajoga ba,
mita ɗari huɗu kacal,
amma kada wanda ya gan ni sai ta baya.

Na ce, yaro, wannan ai tafiyar sayen kati ce.
Ya yi dariya, ya ɗora kuɗi a kan batir.
Ina kallonsu, suna kallona,
ga mai gida ya aiko sau biyu kan kuɗin haya.

Muka sauke ta. Lamela ya zubo fetur a tasa,
muka wanke haƙora har suka yi walƙiya.
Ta biyar na fara zarewa, ita na fi ƙauna,
giyar doguwar hanya, giyar ɓare goro,
giyar da direba ke jin labarin fasinja a cikinta.
Na naɗe ta a tsumma,
na jefa aljihu kamar laya.

Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, na matso da su
kusa da kusa, kafaɗa na gugar kafaɗa,
kada inji ya sami sararin ajiyar zuciya.
Zoben tagulla kuwa, mai sulhu tsakanin haƙori da haƙori,
wanda na ƙare ƙuruciyata ina lallashi,
yau ni ne na kafa masa zarto,
ina cin ɗaya, ina tsallake ɗaya.

Filawil muka kai wa mai injin sassaƙa a Jekadafari,
ya dawo da rama, ya zubar da kilo uku.
Faifan kuloci mai taurin kai muka saka,
Lamela ya taka, gwiwarsa ta ɗauki rawa.
Sandar giya na datse, na bi ta da walda,
ta koma taƙi guda,
ka taɓa ta shige, ba sallama, ba kunya.

Na ce, wannan fa ba za ta tsufa ba.
Ya ce, Baba, wa ya roƙe ta tsufa?
Na rasa amsa. Na ƙara wa notin ƙarshe murɗiya.

Lahadi, ana idar da asuba,
wani sabon titi da ba a buɗe ba, can bayan gari.
Ga Hondar Jungudo tana gurnani a dama,
ga wani siririn yaro a tsakiya da jan ƙyalle,
kowa ya ɗaga agogon waya.

Ƙyalle ya faɗi. Taya ta ƙwalla ƙara.
Ni ban kalla ba, kunne na kasa.
Ta ɗaya. Ƙas! Ta biyu. Ƙas! Ta uku,
can na jiyo shi,
ɗan siririn kukan da ihun mutane ya danne:
haƙori guda ya ce ga garinku.
Aikin hannuna ne, na san muryarsa ko a rijiya.

Ya ci da tsawon bonet. Daƙiƙa sha huɗu.
Suka ɗaga shi sama, hularsa ta faɗi.
Ita kuwa tana gefe, tana zufa,
baƙin mai na ɗiga a kwalta, ɗis, ɗis,
da ɓurɓushin ƙarfe a ciki kamar zinariya.

Ya iso yana haki, idonsa jajir:
Baba, za ta tashi kafin wata Lahadin?
Na sa hannu aljihu.
Ta biyar tana nan, da sanyinta, haƙoranta cif.
Na daɗe ina shafa ta.
Sannan na ce, Lamela, ɗauko igiya.